Jigon da Mama Ladi Ta Gano

Ɗazu 'yata ta tambaye ni yadda ake gano jigon littafi, sai na tuna da Mama Ladi, maƙwabciyarmu a Limawa lokacin ina aji huɗu a sakandare.

Tana feren doya a tsakar gida, ni kuma ina karanta littafin adabinmu da ƙarfi, don washegari akwai jarrabawa. Labarin wani manomi ne da ya tafi birni, ya sha wahala, ya yi arziki. Duk ajinmu mun haddace amsa ɗaya: jigonsa haƙuri ne.

Mama Ladi ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta saurara har ƙarshe. Sai ta ajiye wuƙa ta ce, "'Yata, uwar da ya bari a ƙauye fa? Ya koma wajenta?"

Na ce, "A'a, Mama. Sau uku dai marubucin ya nuna ta tana duban hanya."

Ta ce, "To wane haƙuri? Wannan littafi na mai manta gida ne."

Abin da na rubuta ke nan, ƙawayena suna cewa zan faɗi. Malam ya ba ni maki mafi yawa, har ya tambayi inda na samo amsar.

Sai daga baya na ji cewa ɗan Mama Ladi ya shekara bakwai a Ikko, ko wasiƙa babu.

Ku fa, wa ya taɓa buɗe muku ido a kan littafin da kuke ganin kun gane?