Ranar da Na Zama Miji

A makarantarmu ta 'yan mata da ke unguwar Jarwal, malamar Turanci ta zaɓo mana wani tsohon wasan barkwanci na Ingila, labarin mijin da ya ladabtar da matarsa mai tsiwa, har da hana ta abinci. Da yake na fi kowa tsawo, ni aka ce in fito a mijin, ni da ko sallama na yi sai an ce in maimaita.

Ranar wasan na sa farar jallabiyar yayana, na naɗe hannuwanta sau biyu. Ina ganin iyaye mata sun cika zauren, sai duk abin da na haddace ya gudu. Ƙawata da ta fito a matar ta lura da haka. Ta cakumi kwalata kamar faɗa, ta raɗa mini: "Ke, hana ni abincin nan. Yalla, maza, da ƙarfi!"

Na hana ta. Haka muka yi har ƙarshe, tana ba ni umarni a ɓoye, ina daka mata shi da tsawa, tana bi da ladabi.

A hanyar gida kakata ta ce, "Mijin nan dai ya yi sa'ar mata."