Yaya Mai Auna Kaya da Hannu

Yayana mai walda ne, kuma duk abin da zai saya sai ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina. In da nauyi, mai kyau ne. In babu, jabu ne, ko wa ya ƙera shi. Haka ya sayo dutsen gugar da matarsa ke ɗagawa da hannu biyu, haka ya yi wa gidansa ƙofar da sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗe. Mun daɗe muna yi masa dariya, sai da abin ya faɗa kan 'yarsa na daina.

Barewa muke ce mata, don gudu take yi kamar an biyo ta. Wani mai horar da 'yan tsere a wani gari ya ji labarinta, ya ce a turo masa bidiyonta tana gudu a hanyar tudu ya ga yadda take jefa ƙafa. Gurbi ɗaya ya rage masa, ranar Lahadi zai rufe. Yarinyar nan ko abinci ta kasa ci don murna.

Muka je shagon kayan waya mu uku, neman 'yar kyamarar nan da ake ɗaurawa a babur, don Yaya ya bi ta a baya yana ɗauka. Mai shagon ya fito da guda biyu masu araha. Ya nuna ƙaramar ya ce, "Wannan tana daidaita hoto da kanta. Ko babur ya faɗa rami, hoton ba ya rawa."

Yaya ya ɗora ta a hannu, ya taɓe baki. "Wannan ai kwalin ashana ne."

Ya ɗauki ɗayar, wata baƙa mai kauri, fuskarsa ta washe.

"Baba, ita wannan ba ta da abin hana girgizar," in ji Barewa.

"Ke me kika sani? Abu mai nauyi ne zai girgiza?"

Na ce, "Yaya, don Allah ka saurari mai kayan."

"Ke kuma da ke ɗinki, ki tsaya a kan allurarki."

Wallahi har mai shagon sai da ya roƙe shi. Ina! Baƙar ya saya.

Wai kuma maƙalin robar da ta zo da shi bai yi masa ba. Ya jefar, ya shiga shagonsa yana ƙera na ƙarfe, yana yankawa yana gogewa, har Lahadin ta zo. Ya liƙe shi da walda a kan babur ɗinsa, ƙam, ya girgiza da hannu ya ce mu gani, ko motsi ba ya yi. Ni na san komai game da kyamara? Amma na san duk abin da aka liƙe wa babur, rawar babur zai yi.

Barewa ta yi gudun da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta hau tudun nan ta sauko, uban yana bin ta a baya yana ihu, a ƙarshe ta durƙusa bakin hanya ta yi amai. Ƙafarta ta kumbura, ko an ce ta sake ba za ta iya ba.

Muka kunna bidiyon a falo. Sama da ƙasa suna ta cakuɗewa, itatuwa suna lanƙwashewa kamar an jiƙa su, can tsakiya wani jan abu yana ɓulla yana ɓacewa. Rigarta ce. Abin da ya fito sarai kawai muryar Yaya, yana cewa, "Kin ga aikin ƙarfe ko!"

Haka muka tura. Mai horarwar ya amsa da ladabi cewa bai ga ƙafafunta ba, kuma ya ba wata gurbin.

Bayan kwana biyu kyamarar ta mutu. Yaya ya kwance ta a gabana, sai ga wani guntun ƙarfe mai tsatsa an manne a ciki da gam, ba ya haɗe da komai. An sa shi ne don irin su Yaya. Ya juya shi, ya jinjina a hannu, ya jefa cikin bokitin tarkace. Na jira ya ce wani abu. Sai ya tambaye ni ko na ga tabaraunsa.

Abin da ya fi ƙona min rai, har yau bai ce wa yarinyar nan ta yi haƙuri ba. Sai ya ƙera mata wurin ajiye takalma, na ƙarfe zalla, da ƙarti biyu suka shigo da shi ɗakinta suna nishi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu, yana jiran ta yaba.

Barewa ta dubi abin, ta dube shi.

"Na gode, Baba," ta ce. "Amma takalman gudun na bayar tun jiya."