Filtar da Aka Cire a Apo

Saƙon ya shigo ne wata Talata, ina ofis, ina jiran a dawo da fayil daga wurin darakta. Wasu lauyoyi ne daga Ingila. Sun ce suna tattara mutanen da suka taɓa mallakar irin motata a can, domin a haɗu a shigar da ƙara guda a kan kamfanin da ya ƙera ta. Zargin, in na fahimta daidai, shi ne an sa wa motocin wata dabara a cikin kwamfutarsu. Idan motar ta gane ana gwada ta sai ta rage gubar da take fitarwa, idan ta hau titi kuma sai ta saki abinta. Ban san inda suka sami adireshina ba. Wataƙila na taɓa danna wani abu na manta.

Na sayi motar ne a shekarar da na yi digiri na biyu a can, a hannun wani dattijo da ya daina tuƙi. Ruwan toka ce, mai shan dizal. Da na gama karatu na yo lodinta a jirgin ruwa, kuma ita ce har yau take ɗauko ni daga Tungan Maje ta kai ni Sakatariya.

Na tura wa yayana saƙon, domin shi ya fi ni saurin yanke shawara. Bai yi minti biyar ba ya kira.

"Malam, me kake jira? Turawa sun cuce ka, Turawa za su biya ka. Cike abin nan yau."

"Ina so in karanta sharuɗɗan tukuna, Yaya."

"Kai ko takardar maganin mura sai ka karanta sharuɗɗa."

Na karanta ɗin, sau biyu. Ranar Asabar da hantsi na ɗauko jakar robar da nake ajiye takardun motar, na zauna a gaban kwamfutata na fara cike fom ɗin da suka aiko. Lambar inji, ranar saye, tsohuwar lambar motar, duk ina da su. Har na ɗan ji daɗin cewa ban yar da komai ba. Sai na zo kan wata tambaya: shin an taɓa canza wani abu a injin motar, ko a salansarta, ko a kwamfutarta?

An taɓa. Wata huɗu ko biyar bayan isowarta, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kunna a gabana ina kan hanyar Kubwa, motar ta ƙi gudu, tana ja kamar mai ciwon ƙafa. Na lallaɓa da ita zuwa Apo, wurin wani bakanike mutumin Filato da abokan aikina suke kai wa motocinsu. Ya jona kwamfutarsa ya duba.

"Oga, filta ne ya toshe. Wannan mota an yi shi don man Turai. Namu dizal ba ya so."

"To a wanke?"

"In na wanke, wata biyu za ka dawo ka zage ni. Kowa cirewa yake yi."

Na tambaye shi ko doka ta yarda. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa mai walda ya maimaita masa tambayar. Ina tsaye suka yanka cikin salansar, suka farfasa wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, suka zazzage shi a ƙasa, suka liƙe wurin da walda. Daga nan ya koma kan kwamfutar ya yi 'yan danne-danne, don motar ta riƙa ɗauka filtar tana nan, kada fitilar ta sake kunnawa. Abin da na ce a duk wannan aikin shi ne "to". Motar ta tashi garau. Tun daga ranar, in na taka ta a kan hawa, ina ganin baƙin hayaƙi a madubi. Na saba da shi.

Tambayar da ke ƙasa da wannan ita ce: da ka san da wannan dabarar, za ka sayi motar? A ƙarshen shafin kuma akwai wurin sa hannu, inda mutum zai tabbatar cewa duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ya san ana iya hukunta shi in ya yi ƙarya. A ofis aikina ke nan, duba takardun da wasu suka sa wa hannu. Ban taɓa sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba, ko dai ban tuna na yi ba. Na rufe kwamfutar.

Washegari na je gidan Yaya cin abincin rana, na gaya masa.

"Wa zai taso daga Landan ya kwanta a ƙarƙashin motarka a Tungan Maje?" in ji shi. "Danna a'a ka wuce."

"Amma an cire, Yaya."

"An cire bayan sun cuce ka. Ɓarawo ya shiga gidanka, sai ka je gaban alƙali kana ba da labarin ka taɓa tsinkar mangwaron maƙwabci?"

Matarsa ta ce, "Ka ƙyale shi, Alhaji. Wannan ko a Lahira sai ya nemi a ba shi fom ya duba."

Na yi dariya tare da su. Ina jin Yaya yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Abin da kamfanin ya yi, in an tabbatar, ya yi wa dubban mutane ne a ɓoye, ni kuwa tawa motar ce kuma ina kallo. Amma ban ga yadda wannan zai mayar da amsar ta zama a'a ba.

Ranar Litinin bayan an tashi na biya Apo, don ina so in rubuta ainihin abin da aka yi, kada in ƙara ko in rage. Na ba bakaniken labarin ƙarar, ya saurare ni yana goge hannu.

"Wato su ma sun koya wa mota ƙarya? Ashe ba ni na fara ba. Oga, rubuta musu an cire filta, an rufe bakin kwamfuta. In suna da magana su zo su sha dizal ɗin Zuba su gani."

Haka na rubuta washegari da safe kafin in fita, ban da maganar Zuba. Akwatin bayanin ƙarami ne, sai da na yi ta rage kalmomi. A tambaya ta biyu na daɗe. Lokacin da na sayi motar ban san ana auna hayaƙinta ba, abin da na duba shi ne ba ta shan mai kuma dattijon ya riƙe ta da kyau. Na nemi wurin da zan ce ban sani ba, babu. Na zaɓi cewa da zan saya. Na sa hannu na tura, ina tsammanin za su ce ban cancanta ba, in huta.

Amsar ta zo kafin in sa takalmi. Sun yi mini murna, sun ce an sa ni cikin masu ƙara, sun ba ni lamba mai tsawo.

Na rubuta musu na ce don Allah su duba amsoshina guda biyu, domin ina ganin za su iya shafar matsayina. Saƙo ya dawo cewa sun samu, za su tuntuɓe ni in da buƙata. Bayan wata ɗaya na sake rubutawa, wannan saƙon dai ya sake dawowa, kalma da kalma.

Yanzu shekara ta zagayo. Duk bayan 'yan watanni sukan aiko da bayanin inda shari'ar ta kwana, suna kiran mu waɗanda aka zalunta. Yaya yana tambayata ko an fara rabon diyya, in ce ba a fara ba. Akwai wurin da mutum zai danna ya janye ya rubuta dalilinsa, na buɗe shi sau uku. Ban yi ƙarya ba, don haka ban san dalilin da zan rubuta ba. Sunana yana cikin jerin, kuma ban san ko akwai wanda ya karanta abin da na sa wa hannu ba.