Dutsen Wankin Gunnel

Yau kwana uku ke nan Gunnel mai wankau tana tarar da wani mutum a bakin kogin garin Uppsala, kwance rub da ciki a kan dutsen da take bugun kaya. Dogo ne siriri, sanye da baƙar rigar malaman jami'a, gemunsa duk tawada. Yana bin zanen rubutun mutanen dā da ke jikin dutsen da yatsa, leɓensa na motsi.

Ita wuyan rigarsa take karantawa. Wuyan nan rabonsa da sabulu tun kaka. Ko dai ba shi da mata, ko tana nan ta sallama wa littattafai shi.

"Malam, in barci kake ji, ba gado a gidanku?"

Ya ɗago, idanunsa jajur. "Iya, shekara nawa kina dukan dutsen nan?"

"Tun kafin ka yi gemu."

"Kin cinye haruffa huɗu!"

"Ban ji na ƙoshi ba. To me dutsen ya ce? Ƙarata ya kawo maka?"

Ya mai da yatsa kan zanen, ya karanta a hankali: "Wata uwa ce ta kafa shi saboda ɗanta. Ya tafi gabas a jirgin ruwa, bai dawo ba."

Shekara tara ke nan da aka tafi da Halvard, ɗan Gunnel, yaƙin Jamus, har yau bai dawo ba.

Ta sunkuci kwandonta ta nufi wani dutse can ƙasa.

"Dama dutsen nan yaga mini riguna yake," in ji ta, ba ta waiwayo ba.