Ciyawar Cikin Waya

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki daga hannun farar hula, damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. A lokacin ina Horo Birni, aikina gadin ciyawa.

Kafin nan wasu masu bincike sun zo mana da mota, wasu daga jami'a, wasu daga Nijar. Suka kewaye wani fili a makiyayar garinmu da waya mai ƙaya. Sun ce akwai irinsa kusa da Boɗinga, akwai wasu a tsallaken iyaka. Bayan kowace damina za su yanki ciyawar ciki su ɗora a sikeli, su gwada da ta waje, don gwamnatoci su san ko kiwo ne ke cinye ƙasa ko ƙarancin ruwa. Maigari ya nuna ni, ya ce ba ni da gaggawa. Babban masu binciken, wani dattijo mai Hausar Nijar, ya riƙe hannuna ya ce ko akuya ɗaya ta shiga, awon sauran filayen ma ya lalace. Na ce na karɓi amana.

Da rani ya yi nisa, ko'ina ya zama faƙo. Kara ya ƙare, muka koma sauke bunun ɗakuna muna ba shanu. Ciyawa ta rage a cikin waya kaɗai, busasshiya, har gwiwa. Shanun gidanmu sukan tsaya jikin wayar, ƙaya na yankar hancinsu.

Wata rana yayana ya same ni can.

"Sannu, sarkin ciyawa," in ji shi. "Mi kaka jira? Sikeli zai yi maka huɗa bana?"

"Yaya, amana ce. Sun ce suna zuwa."

"Sun ce! Waɗanda suka aiko su ma suna tsare. Buɗe wagga waya, ko shanun huɗa su samu."

Na roƙe shi ya bari zuwa kasuwa mai zuwa. Ta zo ta wuce, na sake roƙo. Sai da saniyarmu ta kwanta ta kasa tashi sannan na tafi ofishin gona a Boɗinga. Akawun da na tarar ya ce an janye motar aikin, an kuma rufe iyaka, mutanen Nijar ba su da hanyar zuwa.

"Malam, har yanzu kana gadi?" Ya fara dariya, da ya dubi fuskata ya daina.

Ina dawowa na yanke wayar. Ashe gara ta riga mu. Ta cinye ciyawar daga ƙasa, tsayuwa kawai take yi, ka taɓa ta zube ta zama gari. Shanun suka sunsuna, suka lasa, ba abin cika baki.

Yayana bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki wuƙa ya tafi wurin saniyar.

Kafin ruwan fari mun rasa shanun huɗa biyu, da saniya mai ciki, da tumaki bakwai, da jakin yayana.