Rijiyar Baba Haruna a Unguwar Shanu

Unguwar Dosa

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai waye ba, na fito daga gida ɗauke da akwatin ƙanƙara da kwalabe. Aikina gwajin ruwan sha, kuma ranar ce aka fara tura ni ni kaɗai. Yara huɗu a layi ɗaya sun kwanta da gudawa a Unguwar Shanu, ana zargin rijiya.

Na tsayar da keke. Direban, Malam Sani, dattijo Bakatsine, ya dubi akwatin.

"Zoɓo kake sayarwa?"

"A'a Malam, ruwan rijiya zan ɗebo a gwada."

"Har wannan ma karatu ake yi masa?" Ya yi dariya, muka tashi.

Unguwar Kanawa

Shida da minti goma muka tsaya shan koko da ƙosai. Gaba kaɗan ɗan sanda ya sa na buɗe akwatin. Da ya ga kwalaben ba komai ciki, ya ɗaga mana hannu.

Unguwar Shanu

Lungun ya yi wa keke kaɗan, sai Malam Sani ya kama mini akwatin muka taka. Mai rijiyar, Baba Haruna maƙeri, ya tare ƙofa.

"Mahaifina ya haƙa ta. Rufewa kuka zo yi?"

Na durƙusa. "Baba, dubawa kawai zan yi."

Ya ƙi. Har na fara tunanin komawa hannu rabbana. Sai Malam Sani ya ce a hankali, "Yaya, 'yata Safiya gudawa ce ta tafi da ita. Da an duba mana."

Baba ya matsa daga ƙofar. Ashe jikarsa na cikin yaran da ke kwance. Da kansa ya jefa guga. Nan na ga bakin rijiyar ya tsage, ga kwata taku uku daga wurin.

Takwas da rabi na miƙa kwalaben a ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu sakamako ya nuna ƙazanta na shiga ruwan. Ni da abokan aikina muka koma da magani, aka sake ginin bakin rijiyar, aka karkatar da kwatar. Yaran duk sun tashi.

Gida

Ranar da muka gama aikin, da la'asar na iso, Inna ta ajiye mini tuwo. Na gode wa Allah da ya sa ni a wannan aiki, na gode wa Baba Haruna. Malam Sani kuwa ban karɓi lambarsa ba. Har yau in keke ya wuce sai na leƙa.