Sandar Dargaza

Na haura shekara arba'in kafin in taɓa riƙe baka da kibiya, kuma maƙwabcina ne ya jawo. Dattijo ne Bamoshe, ɗan asalin ƙasar nan, mai gyaran moto, wato babur, a bakin layinmu na Zongo. Wata la'asar muna shan shayi a ƙofar garejinsa, ya ce mu Hausawa ba abin da hannunmu ya iya sai auna atamfa. Na ce masa kakana da baka yake rakiyar ayarin goro. Haka nake ji tun ina ƙarami.

"To kai ina naka bakan?" in ji shi.

Na ce ya ba ni lokaci.

Na je wurin gwaggona, wadda ta tashi a gaban kakan, in ji irin itacen da yake amfani da shi. Ta yi dariya har ta ajiye carbi.

"Ɗan nan, jakuna yake korawa. In aka ce ga 'yan fashi, shi ne na farko a ƙarƙashin kaya."

Amma magana ta riga ta fita, shayin kuma ba zan iya barinsa ba.

Reshen darbejiyar gidanmu na fara sarowa, ɗanye sharaf. Na lanƙwasa shi ya lanƙwasu, ya kuma ƙi komawa. Dattijon ya duba, ya miƙo mini abina. Da ya dawo daga ƙauyensu sai ga miƙaƙƙiyar sanda ɗaure a bayan motonsa. Ta itacen dargaza ce. Ya ce in ajiye ta a inuwa, kada in taɓa sai damina ta wuce.

Na jingine ta bayan ƙofa. Matata ta tokare igiyar shanya da ita, na karɓo. Ta kakkaɓo mangwaro da ita, na karɓo. Ranar da gas ya ƙare na tarar da ita a bakin murhu tana auna sandar da ido. Washegari na kai ta shagona a unguwar Paspanga, na ɓoye bayan dilolin atamfa.

A can na sassaƙe ta, da wuƙa da fasasshiyar kwalba, in babu ciniki. In na kankare sama, sai ƙasa ta fi ƙarfi. In na kankare ƙasa, sai sama ta fi. Haka na yi ta bin su har dattijon ya ƙwace daga hannuna.

"Tsaya haka, maƙwabci, kafin ka mayar da ita asuwaki."

Tsirkiya kuwa, fatar saniya na samo a mayankar Kossodo, na jiƙa, na murɗa. Warinta ya sa matata ta ce ko ni ko fatar, ɗaya zai kwana a waje. Kibiyoyin na kyauro ne. Dattijon ya ƙi sa musu ƙarfe, ya ce yana da jikoki a layin.

Wata Lahadi muka fita bayan gari, muka jingina buhun ƙaiƙayi a jikin bishiya. Na ja, na saki. Tsirkiya ta tsula mini a hannu kamar bulala, kibiya ta faɗi gaban takalmina. Ta biyu ma haka. Ta uku kuwa ta tashi. Na ji ƙarar tsirkiya, na ga kyauron yana tafiya a iska, zuciyata ta yi wasai, har na manta da zafin hannu. Ta sauka can nesa da buhun, ta hagu.

"Da 'yan fashin biyu ne, da ka sami na gefe," in ji dattijon.

Na miƙa masa bakan na ce ya nuna mini. Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana saiti. Kibiyarsa ta bi ta saman bishiyar gaba ɗaya, ta faɗa cikin ciyawa.

Na dube shi.

"Yayana ne maharbin," ya ce. "Ni tun ina yaro aka kawo ni birni koyon kanikanci."

Muka shiga ciyawa muna neman kibiyar, ƙarangiya tana kama mana ƙafar wando. Sai gab da magariba muka gan ta.